Motor ɗin da Surukina Ya Wanke

Cikin ranakun aikin da suka ƙi fita raina har yau, akwai ranar da aka shigo mini da motor a naɗe cikin zanen gado. Ku da kuka fara aiki a warshar nan, wurin gyaranmu, bayan mun dawo mun share ta, kun sha jin gutsuren labarin a wurin mai shayi, kowa da irin gishirin da yake zubawa. Gara ku ji shi daga bakina, a jere, tun ina iya jerawa.

Ƙarshen damina ne, damina ta ƙarshe kafin yaƙi. Lokacin na daɗe da barin koyar da lantarki a makarantar sana'a, na buɗe wannan wuri a bayan kasuwar Suk al-Shabi ta Khartum, amma sunan Ustaz bai bar ni ba. Aikina shi ne wanda kuka tarar: gyaran motocin sarbo na injinan fere ƙarfe, musamman waɗanda kamfanin da ya ƙera su ya daina yin irinsu.

Saboda wanda ba ɗan sana'a ba, bari in ɗan yi darasi; hali zanen dutse. Motor na fanka ko na famfo, ka ba shi wuta ya juya, ka ɗauke ya tsaya, iyakar iliminsa ke nan. Sarbo kuwa ana ce masa ne juya kaza, ka tsaya daidai nan, kuma ka faɗi inda kake. Abin da yake faɗa da shi yana bayansa, ƙarƙashin murfi: wani faifan gilashi mai siraran layuka da ɗan haske mai karanta su. Shi muke kira inkoda. A cikin injin kuma akwai akwatin da ke ba motor wuta da umarni, wato diraif. Diraif ba ya ganin cikin motor. Inkoda yake tambaya ina maganaɗisun yake a yanzu, sannan ya tura wuta ga naɗin wayar da ya dace. Idan zaman inkoda ya goce daga zaman maganaɗisun, diraif zai riƙa turawa a inda bai kamata ba, kamar mai tura jaki ta gaba yana mamakin me ya sa yake ja da baya. A masana'anta ake daidaita wannan zama, a ɗaure ƙananan kusoshi, a ɗiga musu jan fenti. Ba a rubuta shi a littafin inji. Kamfani ne ya san abinsa.

To, injinan da ke isowa gare mu sun riga sun yi aikinsu a wata ƙasa, sun yi na biyu a wata, mu wurinmu ritaya suke zuwa ci. In ka tuntuɓi kamfanin, za a amsa maka cikin ladabi cewa wannan samfurin an daina shi tun kana saurayi, amma suna farin cikin sayar maka da sabon motor, da sabon diraif, da sabuwar kwakwalwar inji. Wato ka je neman maɓallin riga a ce ka sayi ɗinki da tela. Shi ya sa muke da abin yi.

Wanda ya kawo motor ɗin ran nan Isyaku ne, mijin 'yata Rakiya. Ɗan kambo ne, irin unguwannin leburorin gona na Jazira, inda iyayensa da nawa suka tsinci auduga. Ya zo Khartum yana dako a kasuwa, ya samu shara a warshar wani Hajj Babikir a unguwar masana'antu ta Umdurman, daga shara ya kai ga riƙe maharaɗa, wato injin fere ƙarfe, mai aiki da kwamfuta. Ita kaɗai ce irinta a warshar, kuma shi kaɗai ya iya da ita. Da ita suke fere sandunan famfunan ban-ruwa. Albarkacin wannan aiki na ba shi 'yata, kuma albarkacinsa suke zaune a ɗakuna biyu na Hajj da ke bayan warshar, su da 'ya'yansu. Aikin da ɗakunan igiya ɗaya ta ɗaure su, kuma bakin igiyar yana jikin maharaɗar.

Sai kun san irin surukin da Allah ya ba ni kafin ku gane sauran. A kambo an riƙe kunyar surukai da ƙarfin da na ji an ce ko a ƙasar da kakanninmu suka baro an sassauta. Tun da aka ɗaura auren, Isyaku bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kallon idona ba, bai taɓa ce mini a'a ba. Ni ma, daidai gwargwado, ba na kiran sunansa. Ran nan ya sauko daga hafila, motar haya, rungume da motor kamar mai jego, ya tuɓe takalmi a ƙofar warsha, inda ƙasa take cike da ɓarɓashin ƙarfe, ya durƙusa can nesa ya gaishe ni.

A sana'armu tambaya rabin gyara ce, kamar ta likita. Na tambaye shi me motor ɗin ya yi kafin ya tsaya. Ya ce haka ne, Baba. Na ce ƙara yake yi ko zafi? Ya ce akwai wannan, Baba. Na ce wanne daga ciki? Ya duƙar da kai ya ce duk yadda na gani. Na yi shekaru ina tatsar amsa daga bakin ɗaliban da ba su yi karatu ba, amma su aƙalla ƙarya suke yi, kuma ƙarya tana da kan da ake kamawa. Da na ga ba ci, sai na kira Hajj Babikir a waya. Shi ya gaya mini motor ɗin ya yi makonni yana kuka kamar injin niƙa, sannan wata safiya maharaɗar ta nuna jan rubutu ta ƙi motsi. Ya ƙara da cewa lokacin shukar alkama ya matso, wakilan manoma daga Farin Kogi sun fara zarya a ƙofarsa.

Na warware zanen gadon. Motor yana ƙyalli, yana ƙanshin fetur, ko ɗigon baƙin mai babu. Na yaba wa warshar Hajj a raina, na ce ga mutanen da suka san darajar kaya.

Na bi ƙa'ida. Na auna naɗin wayoyin guda uku, sun yi daidai da juna. Na auna ko wuta na zurarewa zuwa jikin ƙarfe, ba ta zurara. Na juya sandar da hannu na ji tana gurzawa: boris ɗin gaba, wanda a nan muke ce wa bili, ya mutu, ruwan sanyaya ƙarfe ya bi ta robar baki ya cinye shi. Ciwo ne sananne, maganinsa yana Suk al-Shabi. Sai dai ba a canza bili sai an cire inkoda, kuma dokar da nake nanata muku ita ce: kafin ka sassauta ko kusa ɗaya, ja layi da tsinin ƙarfe daga jikin inkoda zuwa jikin motor, ka ja wani a kan sanda, don ka mayar da kome mazauninsa. Na ja layukana sirara kamar gashi. Na canza bili da roba, na mayar da inkoda bisa layi, ba ƙari ba ragi. Da aikin ɗalibi ne, da na ba shi cikakken maki.

Ba ni da diraif ɗin da ke jin yaren wannan motor, babu mai shi a garin sai maharaɗar kanta. Don haka washegari na haye gada zuwa Umdurman. Wata dokar kuma: ba a ɗaura motor a jikin inji a gwajin farko. Muka ɗaure shi a kan katako a ƙasa, muka haɗa wayoyi, na ce a ba da wuta.

Ya yi gurnani, ya fizga hagu, ya fizga dama, sannan ya kwasa da gudu kamar zai tashi da katakon. Maharaɗa ta nuna jan rubutu ta yanke wuta. Muka sake, ya sake.

Hajj Babikir mutum ne mai faɗin jallabiya da faɗin hannu, ba ya barin baƙo ya wuce kwanon faɗur, wato karin kumallo, amma haƙurinsa gajere ne. Ya daɗe yana kallon motor ɗin, sannan ya ce:

"Ya Ustaz, da yana kuka amma yana aiki. Yanzu ya bar kukan ya koma rawa."

Tunda na san na mayar da inkoda bisa layi, ban ko waiwaye shi ba. Na zargi waya, na bi ta silli-silli, lafiyarta lau. Sai zargi ya koma kan diraif, kuma nan ne babbar matsalar. Motor ana iya yi masa dabara. Diraif na wannan zamanin in ya ƙone a inda ba a gani, babu na canji daga nan har Bur Sudan, kuma maharaɗa ba diraif tulin ƙarfe ce mai tsada. Na kwashe kwanaki ina zarya tsakanin unguwarmu Alsahafa da Umdurman, ina zare allunan diraif ina aunawa, kowane abu yana ce mini shi lafiyarsa ƙalau. Babu abin da ya fi tayar wa mai gyara hankali irin kowa ya ce lafiya, alhali ga gawa a kwance.

A kwanakin nan na lura da abu biyu. Na farko, duk hantsi in an ajiye kwanon ful, dafaffen wake, ma'aikata sun kewaye, Isyaku sai ya tuna da wani aiki a bayan gida, saboda ina wurin. Wato zaryata ba ta gyara inji ba, ta kuma hana surukina karin kumallo. Na biyu, wani ɗan hurda, mai sayen tsohon ƙarfe a kan nauyi, ya fara zuwa shan shayi. Yana zagaya maharaɗar yana ƙwanƙwasa ta da ɗan makulli, yana mata irin kallon da mahauci ke yi wa rago ana jibi Salla.

Hajj bai ɓoye mini ba. Ya ja ni gefe ya ce ya riga ya fara rarraba aikin manoma ga wasu warshoshi don kada ya ji kunya, kuma ba zai iya riƙe inji matacce da ma'aikacinsa ba. In Alhamis ta wuce ba labari, ɗan hurda zai kawo motarsa, ɗakunan baya kuma zai ba wani ɗan kasuwa ya zuba kaya. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa, don ya san wa ke kwana a ɗakunan. Ba mugu ba ne. Da ma mugu ne, da na samu wanda zan ji haushi.

Na sake kiran Isyaku, ta hanyar da muke kira, wato na yi gyaran murya na kalli wajensa. Na tambaye shi ko wani ya taɓa motor ɗin kafin a kawo mini. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya kiyaye, Baba." Ku lura da wannan amsa. Ba i ba ce, ba a'a ba ce, kuma babu malamin da zai ce ƙarya ce.

Ranar Talata da la'asar ina zaune a tsakar gida a Alsahafa, na rasa abin da ke mini daɗi, sai uwargida Hajja Asabe ta ajiye mini shayi ta ƙi tafiya. Tun aurenmu ba ta taɓa tambayata kome game da aikina ba, ban da yaushe zan daina shigo mata da baƙin mai a hannun riga. Ta gyara mayafi ta ce:

"Malam, wai wani ɗan gilashi mai zagaye a bayan abin nan naku, in mutum ya cire ya wanke, laifi ne?"

Na ajiye kofin.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ya iso gare ni. Da Isyaku ya kwance motor ɗin daga jikin maharaɗa, ya same shi baƙi ƙirin da mai da ɓarɓashi. Ya ga ba zai iya ajiye irin wannan ƙazanta a gaban surukinsa ba. Ya wanke bayansa da fetur. Ya buɗe murfin baya ya ga ruwan dauɗa ya shiga can ma, sai ya kwance ƙananan kusoshin ya wanke su da fetur su ma, ya zare inkoda, ya busar, ya goge gilashin da sabon hankici, ya mayar. Kuma da yake mutum ne mai tsari, ya mayar da shi yadda rubutun jikinsa zai kalli sama, don in na buɗe in karanta ba wahala. Fetur ya tafi da jan fentin masana'anta, wanda da shi zan gane an taɓa. Ni kuma na zo na ja layina a kan zaman da ladabi ya zaɓa, na kiyaye shi da amana, na mayar da shi ba ƙari ba ragi.

Da farko bai faɗa ba don bai san abin faɗa ba ne. Da motor ya yi rawa ya fara zargin kansa, amma a lokacin faɗar tana nufin ya tsaya a gaban mutane ya nuna wa surukinsa cewa yana haƙa a inda babu ruwa. Wannan kuwa bakinsa ba zai iya ba, ko da za a fitar da shi da iyalinsa titi. Sai ya gaya wa Rakiya, Rakiya ta kira uwarta, uwarta ta kawo mini da shayi. Maganar da ke tsakanina da ita taku biyu a warsha, sai da ta shiga ɗakin baya, ta haye kogi, ta biyo ta madafa.

Na zaci zan yi fushi. Abin da na ji kuwa kamar an sauke mini buhun dawa daga ka: diraif yana da rai. Na yi dariya har Hajja ta tsorata, ta ce in dai na kunyata yaron nan a gaban Larabawa, ita da ni ne.

Saura gano zaman asali, wanda kamfani ya tafi da shi. Amma maharaɗa tana da motoci biyu, ɗaya na kai wuƙa gaba da baya, ɗaya na kai ta gefe, kuma na duba na ga 'yan gida ɗaya ne. Na biyun babu wanda ya taɓa wanke shi, Allah ya yi masa albarka. Abin da masana'anta ta yi wa wancan, ta yi wa wannan.

Da safe na gaya wa Hajj ina son in buɗe bayan mai lafiyar. Ya ce wato ɗaya ya mutu, ina son in nuna wa ɗan'uwansa hanya. Na yi masa bayani cewa murfi kawai zan ɗaga, ba zan taɓa kusa ko ɗaya ba, kuma cutar ba a diraif take ba, an dai juya inkoda ne kafin ya zo hannuna. Nan take ya tambayi wa ya juya. Isyaku yana can bayan inji, na ga tafin ƙafarsa ya daina motsi.

Na ce, "Wanda ya fi ni da kai tarbiyya."

Hajj ya cire rawaninsa ya sosa kai ya mayar. Sannan ya ce, wallahi shi da bakinsa ya ce wa yaron ya tsabtace abin nan kafin ya kai, kada a je a kunyata warsha a gaban Ustaz. Ya ce in buɗe duk abin da nake so, amma in sani da azahar ake ɗauke wutar unguwar, gobe kuma Alhamis.

Ga yadda ake yi, ku riƙe, don za ku buƙace shi. Ka raba motor da jikin inji, ka cire wayoyin wutarsa daga diraif. Ka samo batirin mota, ka bi da wutarsa ta cikin ƙwan fitilar mota don kada ta yi yawa, ka ba wayoyi biyu daga cikin ukun. Sandar motor za ta yi tsalle ta tsaya a wuri ɗaya ta kafe, domin maganaɗisu ya sami abokinsa. A wannan tsayuwar sai ka duba abin da inkoda ke faɗa, a gilashin na'urar nan mai zana wuta kamar layi. A mai lafiyar muka ga layin yana daidai gaɓar da yake tsalle daga ƙasa zuwa sama. Shi ke nan sirrin kamfanin. Bai fi haka ba. Sai mu kafe marar lafiyar ta hanya ɗaya, mu sassauta inkodarsa, mu juya ta a hankali har layinta ya zo wannan gaɓa, mu ɗaure.

Aikin mutum biyu ne. Mai juyawa idonsa na kan yatsunsa, don motsin bai fi kaurin farce ba. Mai kallon gilashin na'ura shi ke cewa tsaya. Na durƙusa a kan motor, na sa Isyaku a gaban gilashi, tunda idonsa ya fi nawa kuma ya san abin da ake nema.

Na fara juyawa. Can sai na ji murya ƙasa-ƙasa: "Baba, in ba damuwa, ina ganin kamar da za a ɗan..." Kafin ya kai ƙarshen ladabinsa na wuce gaɓar da nisa. Na dawo baya. "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, sai dai kamar..." Na sake wucewa. Na ce masa kalma ɗaya nake so, tsaya. Ya ce to, Baba. Muka sake, ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Yaro ya ce wa surukinsa tsaya, kamar yana kora akuya? Muka yi musanya, shi ya juya ni in kalla, sai ya kasa juya ta a hankali, don abin da ya ɓata ne aka ce ya sake taɓawa, ga kuma kaina dab da kafaɗarsa. Hajj ya ce shi zai kalla. Hajj kuwa duk motsin da layi ya yi sai ya ce tsaya, har da wanda ƙuda ya jawo. Rana tana hawa, ƙwan fitila ya fara dushewa, alamar batir na gajiya.

Ana cikin haka wani lebura ya shigo da doguwar sandar ƙarfe a kafaɗa, ya juya ba tare da ya duba ba, bakin sandar ya nufi na'urata. Sai na ji wata tsawa daga gefena: "Agif, ya zol!" Wato tsaya, kai wannan. Lebura ya daskare. Na waiga in ga wane shugaban ma'aikata ne ya shigo, sai na ga surukina ne. Ashe yana da murya. Shekara da shekaru ina zaton Allah ya halicce shi da raɗa.

A nan abin ya faɗo mini. Ni da shi ba mu taɓa magana da Larabci ba. Hausa muke yi, harshen gida, kuma a cikinta aka ɗaura auren, a cikinta ya koyi durƙuso. Larabci kuwa a kasuwa ya koye shi, da dako, da faɗa da kwandastan hafila. Ba a taɓa koya masa jin kunyar kowa a cikinsa ba.

Na koma kan motor, ban kalle shi ba, na yi masa magana da Larabcin warsha, irin wanda usta, wato gwanin sana'a, ke yi wa usta. Na ce ya usta, idonka a gilashi, in ya zo ka faɗa, ba ni da lokaci. Sai ya amsa da Larabci, a taƙaice, da muryar da ya yi wa lebura.

Na juya. Ya ce shuwayya, kaɗan-kaɗan. Na juya. Ya ce ƙara. Ya ce na wuce, in koma. Na koma kamar mai zare ƙaya.

"Agif! Agif, ya zol!"

Na tsaya. A rayuwata ba a taɓa ce mini "kai wannan" na ji daɗi irin na ran nan ba. Na ɗaure kusa ta farko, ya ce ta ja layin, in sassauta. Na sassauta, na bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyara mini, har ya ce bas, wato ya isa, layin ya zauna. Hajj ya kawo ragowar fentin famfo muka ɗiga a kan kusoshin.

Muka mayar da wayoyi, motor yana kan katakonsa, aka ba da wuta. Shiru. Ku da kuka san aikin kun san wannan shirun: sarbo mai lafiya ba ya cewa kome, yana tsaye ne yana jiran umarni. Na kama sandar da hannu na gwada murɗawa, ta ƙi, kamar an dasa ta. Isyaku ya juya ɗan maɓallin hannu, sanda ta bi shi. Ya tsaya, ta tsaya. Muka ɗaura motocin biyu a mazauninsu, ya nuna wa maharaɗa mafarinta, ya ɗaura ƙarfe. Wuƙa ta shiga, ɓawon ƙarfe ya fara fita a murɗe, shuɗi-shuɗi. Da ya gama ya auna sandar ya miƙa wa Hajj. Ba a jima ba aka ɗauke wuta, kuma ban taɓa ganin an ɗauke wuta mutane suna murmushi ba sai ran nan.

Hajj ya kira ɗan hurda a gabanmu, ya ce masa gobe ya zo faɗur, amma ya bar motarsa a gida.

Isyaku ya ɗauko mini na'urata har tashar hafila. Muna isa ya ajiye ta, ya tuɓe takalmi a gefen titi, rakshoshi, kekuna masu ƙafa uku, suna wucewa suna watsa masa ƙura, ya durƙusa ya ce, "Allah ya huta gajiya, Baba." Da Hausa, da raɗa. Akwai abubuwa da yawa da na so in gaya masa. Na ce ya gaida mutanen gida.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki, ban same shi a littafin da na koyar da shi ba. Injin da kamfaninsa ya manta da shi ba shi da sauran tarihi sai a jikinsa da kuma bakin mai aiki da shi. Jikin kuwa ana iya wanke shi da kyakkyawar niyya. A garin nan ladabi ya lalata motoci fiye da sakaci, don mai sakaci aƙalla yana barin abu yadda ya same shi. Saboda haka kafin ku ja layi, ku tabbata a kan me kuke ja. Kuma in kun tambayi mutum ya ce muku haka ne, kada ku ce ba shi da amsa. Yana da ita. Wani tsoron mai gida ne ya rufe masa baki, wani tsoron a ce bai iya ba, wani kuma girman da yake ba ku ne. Neman ƙofar da maganarsa za ta fita aikinku ne, daidai da neman inda waya ta katse.

Maharaɗar tana nan. Masu kwasar kaya a lokacin yaƙi sun yashe wayoyinta, amma ta fi ƙarfin ɗauka, kuma mun sake mata wasu. Isyaku da iyalinsa sun koma ɗakunansu. Har yau bai ci abinci a gabana ba, ni ma ban kira sunansa ba. Amma in wayata ta yi ƙara na ga shi ne, kalmar farko nake saurara. In ya ce "Baba, ina kwana," na san jikokina ne ke son gaishe ni. In ya ce "Ya Ustaz," sai in fara laluben jakar kayan aiki.